Yadda Igiyoyin Maikurowef Ke Gano Abin da Ke Cikin Ruwa da Mai

Kowane abu mai ruwa-ruwa, ko ruwan sha ne ko madara ko man fetur ko jini, yana da wata ɗabi'a da ido ba ya gani kuma harshe ba ya ɗanɗanawa, wato irin yadda yake amsawa idan ƙarfin lantarki ya ratsa cikinsa. Masana suna kiran wannan ɗabi'a halayen dayilektirik, kuma sun ƙera na'urori da suke auna ta da igiyoyin maikurowef, dangin igiyoyin da wayar salula da na'urar rada suke aiki da su. Abin da ya sa injiniyoyi suka ƙwallafa rai a kan wannan hanya shi ne ba ta buƙatar a zuba wani sinadari a cikin abin da ake aunawa, ba ta lalata shi, tana ba da sakamako cikin ƙiftawar ido, kuma ana iya dasa ma'aunin a jikin bututu ya yi ta aiki dare da rana ba tare da an tsayar da kwararar ruwan ba. Sai dai ƙarfin wannan ma'auni da rauninsa duk daga tushe ɗaya suke, domin yana gani sarai idan abubuwan da suka gauraya sun yi nisa da juna a halinsu na lantarki, yana kuma makancewa idan sun yi kusa.

Mai sauraron rediyo ya saba jin ana ambaton mita da megahaz, kuma waɗannan kalmomi biyu su ne ƙofar fahimtar maganar. Igiyar lantarki da maganaɗisu tana kaɗawa ne gaba da baya, kuma yawan kaɗawarta a cikin sakan ɗaya shi ake aunawa da haz, sunan da aka ɗauko daga Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a tsakanin 1887 da 1888, bayan James Clerk Maxwell ya yi hasashensu ta hanyar lissafi. Tashoshin FM suna watsa shirye-shiryensu a tsakanin megahaz 88 da 108, su kuwa igiyoyin maikurowef suna farawa daga megahaz 300 har zuwa gigahaz 300, inda gigahaz ɗaya yake nufin kaɗawa biliyan ɗaya a sakan guda. Tsawon zangonsu yana tsakanin mita 1 da milimita 1, kuma wannan gajarta ce ta sa ake iya ƙera ma'auninsu ƙarami, wani ma bai kai faɗin tafin hannu ba.

Dalilin da ya sa ruwa yake amsa wa waɗannan igiyoyi fiye da mai yana cikin ginin ƙwayoyinsa. Ƙwayar ruwa, wadda ake kira molikul, ta ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da zarrar haidirojin biyu, kuma ba a miƙe suke a layi ɗaya ba, a tanƙwashe suke da kusurwa ta kimanin digiri 104.5, abin da ya sa gefen oksijin ya rinjayi caji na negatib, gefen haidirojin kuma ya rinjayi na fozitib. Idan aka sa irin wannan ƙwaya mai kai biyu a cikin filin lantarki, sai ta yi ƙoƙarin juyawa ta fuskanci inda filin ya nufa, kuma da yake biliyoyin ƙwayoyi ne suke yin haka a lokaci guda, ruwan yakan riƙe wani kaso mai yawa na ƙarfin lantarkin a cikinsa. Adadin da ke nuna girman wannan riƙo shi ne famitibiti, wato lambar riƙon lantarki, kuma tun a 1837 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa abubuwa sun bambanta a kanta. An ɗauki sarari wanda babu komai a cikinsa a matsayin 1, iska ma kusan 1 ce, fetur da kananzir da man gas suna kusa da 2, man gyaɗa da sauran man girki suna kusa da 3, itanol yana kusa da 25, metanol 33, shi kuwa ruwa tsantsa ya kai kimanin 80 a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. Wannan tazara da ke tsakanin 2 da 80 ita ce jarin da yawancin ma'aunan maikurowef suke ci da shi.

Lamba ɗaya ba ta isa ta bayyana halin ruwa ba, domin juyawar ƙwayoyin tana cin lokaci. Peter Debye, masani ɗan ƙasar Holan wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1936, shi ne ya shimfiɗa lissafin wannan jinkiri, ya kuma tattara bayaninsa a littafin da ya wallafa a 1929 a kan ƙwayoyi masu kai biyu. Idan filin lantarki yana sauya fuska a hankali, ƙwayoyin suna bin sa daki-daki, amma idan saurin sauyin ya ƙaru sai su fara zama a baya, suna turereniya da maƙwabtansu, ƙarfin igiyar kuma ya riƙa komawa zafi. Saboda haka ake bayyana kowane ruwa da lambobi biyu, lambar riƙo da lambar shanyewa, ta farko tana nuna ƙarfin da ruwan ya adana, ta biyu kuma tana nuna wanda ya shanye ya mayar zafi. A ruwa tsantsa mai zafin digiri 25 shanyewar tana kaiwa ƙololuwa a wajen gigahaz 19, a metanol a wajen gigahaz 3, a itanol kuwa a wajen gigahaz 1, saboda ƙwayoyinsa sun fi girma da nauyin juyawa. Ke nan idan aka auna ruwa a zangon kaɗawa mai faɗi, ana samun wani zane na hawa da sauka wanda ya keɓanta da shi, kuma daga wannan zane ake iya rarrabe abubuwan da lamba guda ba za ta rarrabe ba. Injin ɗumama abinci na maikurowef, wanda yake aiki a gigahaz 2.45, yana cin moriyar wannan shanyewa ce, kuma abin da ya sa yake jinkiri wajen narkar da daskararren nama shi ne ƙwayoyin ƙanƙara a ɗaure suke ba sa iya juyawa, har lambar riƙonta a wannan zango ta faɗo zuwa kimanin 3.

Kayan aikin wannan awo sun samu ne daga yaƙin duniya na biyu, lokacin da buƙatar rada ta sa aka ƙera na'urorin samar da maikurowef masu ƙarfi, musamman bayan aikin John Randall da Harry Boot a Jami'ar Birmingham ta Ingila a 1940. A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Arthur von Hippel da abokan aikinsa sun auna halayen dayilektirik na ɗimbin abubuwa, kuma jadawalin da suka wallafa a 1954 ya daɗe yana zama madogarar injiniyoyi.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a ɗakunan gwaje-gwaje a yau shi ne sandan awo mai buɗaɗɗen baki, wanda ba wani abu ba ne illa wayar kowakziyal, irin wadda take haɗa kwanon tauraron ɗan'adam da dikoda, mai silin ƙarfe a tsakiya da rufin ƙarfe a kewaye, aka yanke bakinta sumul aka goge. Ana haɗa ɗaya ƙarshen da na'urar nazarin igiyoyi, wadda injiniyoyi suke taƙaita sunanta da VNA, ita kuma aikinta shi ne ta aika igiya ta cikin wayar sannan ta auna yawan abin da ya dawo da kuma jinkirin da ya yi kafin ya dawo. Idan igiyar ta iso bakin sandan, wani ɗan kaso na filin lantarkin yakan leƙa waje ya shiga ruwan da aka tsoma sandan a ciki, zurfin da bai wuce 'yan milimitoci ba, kuma abin da ya tarar a wannan ɗan wuri shi ne zai sauya siffar igiyar da ta koma. Kafin ma'aikaci ya auna komai sai ya saita na'urar da abubuwa uku da aka san halinsu: ya bar bakin sandan a iska ya ɗauki awo, ya danna masa ɗan ƙarfe ya toshe shi ya ɗauki awo, sannan ya tsoma shi a tataccen ruwa wanda aka auna zafinsa. Mai lura da aikinsa yakan ƙara da gwada metanol tsantsa domin ya ga ko sakamakon ya dace da abin da ke cikin jadawalin da cibiyoyin awo, irin su NPL ta Birtaniya, suka tanada. Daga nan sai ya tsoma sandan a samfurin a karkace, ya ɗaga kofin gilashin ya leƙa ta ƙasa, domin kumfar iska guda da ta maƙale a bakin sandan, da yake lambarta 1 ce a wurin da ake sa ran 80, ta isa ta ɓata awon gaba ɗaya. Wannan sanda yana aiki daga ɗaruruwan megahaz zuwa gomman gigahaz a shara ɗaya, amma kuskurensa yakan kai kimanin kashi 5 cikin 100, kuma ya fi rauni a kan abubuwa masu ƙaramar lamba irin su mai.

Inda ake neman tsantsar daidaito sai a koma ga ma'auni mai amsa amo. Duk wanda ya taɓa cika tulu a bakin famfo ya san ƙarar zubar ruwan tana sauyawa yayin da tulun yake cika, har yakan gane ya kusa cika ba tare da ya leƙa ba, domin kowane kogo yana da sautin da ya fi amsawa, kuma sautin yana bin abin da ke cikin kogon. Haka akwatin ƙarfe da aka ƙera da girman da ya dace yake da kaɗawa guda ta maikurowef da yake amsawa fiye da sauran, kuma idan aka zura siririn bututun gilashi mai ɗauke da ɗigon ruwa a cikinsa, kaɗawar da yake amsawa takan sauko ƙasa gwargwadon lambar riƙon ruwan, kaifin amon kuma ya dusashe gwargwadon lambar shanyewarsa. Daga waɗannan sauye-sauye biyu ake fitar da lambobin biyu. Aibin wannan hanya shi ne a kaɗawa guda ko 'yan kaɗan kawai take ba da amsa, saboda haka ba ta nuna cikakken zanen da sandan awo yake nunawa.

A shekarun baya-bayan nan bincike ya karkata ga mayar da wannan akwati ya zama zane a kan allon lantarki, irin koren allon da ke cikin rediyo ko wayar salula. Ana zana ɗan zobe na jan ƙarfe wanda aka datse a wuri guda aka bar 'yar tsaga, siffar da John Pendry da abokan aikinsa suka shahara da ita a 1999 lokacin da suke binciken wasu ƙirƙirarrun abubuwa masu sarrafa igiyoyi. Filin lantarki yakan taru da ƙarfi a cikin wannan tsaga, saboda haka a daidai kanta ake ɗora siririyar hanyar ruwa da aka huda a cikin roba mai haske, wadda faɗinta bai kai milimita ɗaya ba, a tura samfurin da sirinji, kuma abin da bai kai ɗigo ɗaya ba ya isa. Irin wannan ma'auni yana da araha ƙwarai kuma ana iya buga shi da yawa kamar sauran allunan lantarki, abin da ya sa maƙalu a kansa suka cika mujallun injiniyoyi. Sai dai mai karanta su da idon basira zai lura cewa da yawa daga cikinsu ruwa da itanol ko ruwa da metanol suke gaurayawa su gwada, wato gwaji mafi sauƙi, wanda nasara a kansa ba ta nuna cewa na'urar za ta iya da madara ko jini ko ɗanyen mai ba.

Wurin da wannan fasaha ta riga ta kafu sosai shi ne masana'antar man fetur. Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba, tana haɗowa da ruwa, kuma yayin da rijiya take tsufa kason ruwan yana ƙaruwa, har a wasu tsofaffin rijiyoyi ya rinjayi man nesa ba kusa ba. Mai saye ba ya son biyan kuɗin ruwa a farashin mai, ruwan kuma yana cin bututu da tsatsa, shi ya sa yarjejeniyoyin ciniki da dama suke ƙayyade ruwa da laka a kan kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Ma'aunin kason ruwa wani guntun bututu ne da aka mayar da shi kogon amsa amo, man yana wucewa ta cikinsa, kuma lissafi ya nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 na ruwa yana ɗaga lambar riƙon haɗin da kusan kashi 3 cikin 100, canjin da na'urar take gani ba tare da wahala ba. Wannan buƙata ɗaya ce a rijiyoyin yankin Neja Delta da na Agadem a gabashin Nijar, inda man Agadem yake zuwa matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, yake kuma bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin. Matsalar tana tasowa ne idan ruwan ya yi yawa har lamarin ya juye, maimakon ɗigon ruwa a cikin mai ya koma ɗigon mai a cikin ruwa, domin ruwan rijiya mai gishiri ne, gishiri kuwa yana sa ruwa ya gudanar da lantarki ya shanye igiyar, amon ya mutu, sai na'urar ta koma ga wata dabarar awo ko kuma a sanar da ita yawan gishirin.

Batun algus a man da ake sayarwa ya fi nuna iyakar wannan ma'auni a fili. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur Najeriya daga tashar Antwerp ta Beljiyam wanda aka tarar yana ɗauke da metanol fiye da kima, janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a gidajen mai, kuma kamfanin mai na ƙasa ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi wa kayan bai haɗa da auna metanol ba. Irin wannan gurɓata tana cikin abin da maikurowef yake kamawa cikin sauƙi, tunda 33 ce ta shiga cikin 2, kuma awo a kaɗawa fiye da ɗaya yana iya taimakawa wajen bambanta metanol da itanol. Amma algus ɗin da yake kashe mutane a gidaje, wato kananzir da aka gauraya da fetur har fitila ko risho ya fashe, kusan a ɓoye yake ga wannan ma'auni, saboda lambobin fetur da kananzir suna dab da juna, kuma bambancin da ke tsakanin kananzir na wannan matata da na waccan yana iya kai girman bambancin da ake nema. A nan tsohon gwajin nan na auna zafin da tururin mai yake kama wuta shi ne abin dogaro, domin kananzir mai kyau ba ya kamawa sai ya kai wajen digiri 38, fetur kuwa yana kamawa tun a ƙasa da sifiri da nisa.

Madara ma haka take. Madarar shanu kimanin kashi 87 cikin 100 ruwa ce tun asali, saboda haka idan aka surka lita 10 da lita 1 ta ruwa, kason ruwan ya tashi ne kawai zuwa 88 da ɗoriya, sauyin da zai iya ɓacewa a cikin bambancin maiƙo tsakanin saniya da saniya ko tsakanin damina da rani. Zuma ta fi sauƙi, domin ruwan da ke cikinta bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 ba bisa ƙa'idar abinci ta duniya, kuma duk ƙarin ruwa yana bayyana, amma idan da narkakken sukari mai kauri aka yi mata algus, lamarin ya sake rikicewa.

Babban abokin gaban kowane irin wannan awo shi ne zafi. Lambar riƙon ruwa tana sauka daga kimanin 88 a digiri 0 zuwa 80 a digiri 20 da 73 a digiri 40, saboda zafi yana hargitsa ƙwayoyin ya hana su jeruwa, kuma wannan yana nufin ma'aunin da aka saita da sanyin safiyar hunturu zai ba da amsar ƙarya da tsakar ranar bazara a Sakkwato ko Agadas, idan ba a haɗa shi da ma'aunin zafi da lissafin gyara ba. Sau da yawa sauyin digiri ɗaya ko biyu ya fi tasiri a kan sakamakon fiye da abin da ake ƙoƙarin ganowa. Gishiri shi ma yana rikita awo, ko da yake abin da yake cikas a wani wuri shi ne abin nema a wani, domin tauraron ɗan'adam na SMOS, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, yana auna gishirin teku da danshin ƙasa daga sama a gigahaz 1.4 ta hanyar waɗannan halaye na ruwa.

Burin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne auna sukarin jini ba tare da tsaga fata ba, kuma ga mai ciwon sukari da yake huda yatsarsa kullum wannan buri ba ƙarami ba ne. Gaskiya ne cewa sukari yana sauya halin dayilektirik na ruwa, amma a jinin mutum yawansa kimanin giram 1 ne a cikin lita, kuma sauyin da hawa ko saukarsa yake haifarwa ƙanƙani ne ainun, ga shi igiyar sai ta ratsa fata da kitse da tsoka, waɗanda kaurinsu da danshinsu suke bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma gumi ko motsi ko sauyin zafin jiki kowannensu yana iya binne alamar. Masu bincike suna ci gaba da aiki a kai, kuma aikin ya cancanci a ci gaba da shi, amma a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su dogara da agogo ko zobe da ake tallatawa cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mara lafiyar da ya auna allurar insulin da lambar ƙarya yana iya rasa ransa, don haka sayar masa da irin wannan kaya zalunci ne.

Abin da ya sauya a kwanan nan shi ne farashi. Na'urar VNA ta ɗakin bincike takan ci dubban daloli masu yawa, amma yanzu akwai ƙanana na aljihu, irin su NanoVNA, da ake samu a kuɗin da bai wuce na wayar salula mai sauƙin farashi ba, wasunsu kuma suna kaiwa gigahaz kaɗan, zangon da ya isa a gwada zoben jan ƙarfe a kan allo. Wannan ya buɗe wa sassan koyar da injiniyancin lantarki a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Najeriya da Nijar damar ƙera ma'auninsu da kansu. Aikin da ya rage, wanda kuma ya fi zana zoben wahala, shi ne tattara sahihan awo na kayan da ake sha ake sayarwa a yankin, kamar nonon shanun Fulani a lokutan shekara daban-daban, da man gyaɗa da manja da zuma da ruwan rijiyoyin burtsatse, kowanne a zafin da aka sani, tare da gwajin sinadarai da zai tabbatar da ainihin abin da ke cikinsa, domin da wannan jadawali ne kaɗai za a iya fassara motsin amon na'urar zuwa hukuncin cewa samfuri tsantsa ne ko an yi masa algus.